Fambel: Ƙaramin Abu Mai Tsayar da Babbar Mota

Direbobi da masu motoci, ga wata magana da ya kamata ku riƙe. Sau da yawa cikin zafin bazara za ka tarar da mota a gefen hanya tsakanin Potiskum da Damaturu, an ɗaga bonet, tururi na tashi, fasinjoji sun fake a gindin itace. In ka tambaya sai a ce fambel ne ya tsinke. Abin da kuɗinsa bai kai na cika tanki ɗaya ba, ga shi ya ɓata wa mutum goma yini.

Mene ne aikinsa?

Fambel shi ke ɗaukar juyin inji ya kai wa altaneta mai cajin batir. A motoci da yawa shi ne kuma ke juya famfon da ke zagayawa da ruwan lagireto. A tsofaffin motoci, irin Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, har fanka shi ke juya ta. In ya tsinke, jar fitilar batir za ta kama, inji ya ɗau zafi nan da nan.

Yadda ake duba shi

Da farko kashe mota, ka zare makulli, ka bari inji ya huce. Kada ka kusanci inji mai aiki da babbar riga ko rawani.

Na biyu, murɗa bel ɗin ka dubi cikinsa. In ka ga tsaga-tsaga kamar faso, ko zare ya fito a gefe, ko ya yi sulɓi yana sheƙi, ko baƙin mai ya jiƙa shi, to kwanansa ya ƙare.

Na uku, sa babban yatsa a tsakiyar wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu, ka danna. In ya lotsa kamar santimita 1, daidai ne. In ya wuce haka ya saki, shi ne ma ke jawo kukan nan da kake ji da safe in ka tayar da mota. In kuwa ya ƙi motsi sam, ya ɗaure da yawa, zai cinye boris ɗin altaneta da na famfon ruwa.

Yadda ake ɗaure shi

Ɗauki sifana ka sassauta notin da altaneta ke juyawa a kai da na maɗaurinta. Sa katako ka tura ta waje a hankali har bel ya miƙe, sannan ka ƙara ɗaure notin, ka sake gwadawa da yatsa. Sabon bel yakan saki bayan 'yan kwanaki, don haka a koma a duba.

Motocin zamani kuwa galibi bel ɗaya gare su mai faɗi, da abin da ke ɗaure shi da kansa. Wannan in ya fara kuka, sai wurin makaniki. Haka nan taimin bel da ke rufe cikin murfi: a bi adadin kilomitar da littafin mota ya faɗa wajen canja shi.

Rigakafi dai ya fi magani. Malam direba, duk ranar da ka duba ruwa da mai, ka taɓa fambel, kuma kada ka kama doguwar hanya ba tare da sabon fambel da sifana a but ba.