Salansar Tirela a Bayan A-kori-kura

'Ya'yana masu tuƙin a-kori-kura a garin Lafiya, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wani ado da ake gani a waya, na samarin Amurka masu motocin dizal: a yanke salansa, a huda bodi, a tsayar da bututu biyu masu ƙyalli a bayan mazaunin direba, su miƙe sama irin na tirela. Ban ce babu kyau ba. Mu ma a zamanin Peugeot 404 mun yi wa mota kwalliya har ta fi ƙarfin aljihu.

Tirelar da ke wuce ku a hanyar Akwanga zuwa Makurɗi tana da dalilinta. Kanta daban, bodinta daban, akwai fili a tsakani, hayaƙinta kuma yana fita can sama da kan mutane. Hilux ɗinka fa, ɗana? Bayanta ne abincinka. Nan kake loda doyar Agyaragu, da buhunan shinkafa da riɗi, ranar kasuwa kuma har mata da 'ya'yansu a kan kaya idan ka ɗauki hanyar Doma. Bututun nan zai cinye maka wurin buhu biyu ko fiye, kullum, har ranar da za ka sayar da motar. Kuma ƙarfe ne da ke ɗaukar zafin da zai narkar da tamfol da buhun leda, balle hannun yaron da mota ta yi tsalle da shi ya kai cafka. Bakin bututun yana daidai fuskar wanda ke zaune a kan kaya. A cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai da jiri take fara sawa, mutum ya ɗauka rana ce ta buge shi.

Sai damina. Daga Afrilu zuwa Oktoba kun san yadda ruwa ke zuba a nan. Bututun da bakinsa ke kallon sama mazurari ne: ruwa ya kwanta a gwiwarsa ya ci ƙarfen, da safe ka tayar da mota ta watsa baƙin ruwa a kan kayan mutane.

Za a ce maka ƙarfi yake ƙara wa inji. Ƙara dai yake ƙarawa, kuma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wanda duk ya ƙi ji, to ya yi aikin da kyau. Ya nemi mai walda da ya san salansa, ba mai ƙera ƙofa ba. A sa mahaɗi mai lanƙwasuwa a ƙasa, domin inji yana girgiza, kuma ramukan hanya kan tsage waldar da aka ɗaure tamau. A bar tazara tsakanin bututu da bodi, a nisanta shi da tiyon mai da wayoyin wuta, a rufe shi da ragar ƙarfe. A sa masa marfi ko a karkata bakinsa gefe, a yi ɗan huji a gwiwa don ruwa ya tsiyaye. Tukunyar salansa kuwa a bar ta inda take, saboda maƙwabta masu barci da kuma jami'an duba motoci. Tsohon bututun ma kada a ba 'yan gwangwan, domin dillali zai tambaye shi ranar ciniki.