Darasi na Goma Sha Biyu: Ɓawon Rogo a Abincin Kajin Nama

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo. Kafin a yi garin kwaki ko alabo, sai an feƙe saiwar, don haka ɓawo kan taru tsibi-tsibi a wuraren sarrafawa, ya ruɓe ko a ƙone shi. A ɗaya ɓangaren kuma, mai kiwon kajin nama, wato buroila, yana kashe kimanin kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwonsa a kan abinci, mafi yawansa masara, wadda mutum ma yake bukata. Wannan ne ya sa masana suka mai da hankali ga ɓawon rogo.

Sai dai ɗanyen ɓawo yana da illoli uku. Da farko, yana ɗauke da sinadarin linamarin, wanda ke sakin gubar sayanayid. Na biyu, sinadarin gina jiki da ke cikinsa kaɗan ne. Na uku, yana da zare-zare mai wuyar narkewa a cikin kaza. Hausawa kan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsole maka ido. Manomin da ya zuba wa tsakinsa ɗanyen ɓawo, yana iya wayar gari da asara.

Maganin wannan shi ne tsimawa. Masu bincike na cibiyar ILRI da ke Ibadan sun inganta hanyar yin haka: a gurza ɓawon, a ɗura a buhu, a danne da matsi ya kwana yana tsima, ruwan da ke ɗauke da gubar yana tsiyayewa. Washegari a tankaɗe, a shanya ko a gasa. Mai laushin na kaji ne, tsaki-tsakin kuwa na shanu da awaki. Idan an tsima ɓawon da yis ko da funfunar da aka zaɓa a ɗakin gwaji, sinadarin gina jiki ma kan ƙaru.

Duk da haka, ɓawon ba ya maye gurbin masara ɗungurungum. Wani kaso kawai ake musanyawa, a haɗa da waken suya da sinadarin metiyonin, wanda ke taimakon jikin kaza wajen kashe ragowar gubar. Wajibi ne kuma ya bushe sarai, domin danshi na jawo funfuna mai cutarwa.

Ma'anar kalmomi
feƙe: cire ɓawo da wuƙa
tsima: jiƙa ko ajiye abu har ya yi tsami
ɗungurungum: gaba ɗaya

Tambayoyi
1. Waɗanne illoli ne ke cikin ɗanyen ɓawon rogo?
2. Me ya sa ake tankaɗe ɓawon bayan an matse shi?
3. Kalmar "tsaki" ta zo da ma'ana biyu a darasin. Bayyana su.