Amsoshin Tambayoyinku: Dawo Da Ƙyallin Tsohuwar Mota

Wani mai sauraronmu daga Yauri yana tambaya: yaya zai dawo da ƙyallin Peugeot 504 da ya gada, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975?

To Malam, ka guji wanke ta a bakin tafkin Kainji, domin yashin ruwan yana karce fenti. Ka kai ta inuwa, ka kwarara mata ruwa ya sauke ƙura kafin tsumma ya taɓa ta. Kada ka sa omo. In ta bushe, ka shafa man goge fenti kaɗan-kaɗan da tsumma mai laushi. In launi ya fito a tsumman, mataccen fenti ne ke fita, sai dai ka sassauta hannu a gefuna, fentinsu ba kauri. A ƙarshe ka shafa kakin mota, musamman gab da damina.