Darasi: Yadda za a ɗaga gaban keke mai ƙafa uku a yi gyara lafiya

Keke mai ƙafa uku ya zama jakin zamani a nan Minawao. Shi ke ɗauko jarkokin ruwa, shi ke kai buhunan hatsi gida ranar rabon abinci, shi ke kai mara lafiya asibiti. Iyalai da dama daga abin da keken ya samo suke cefane. Tayar gaba kuwa ita ke fara cin karo da rami da dutse da ƙaya, don haka akan cire ta, ko don faci, ko canjin boris, ko gyaran birki. Wannan darasi na direbobi ne, da masu faci, da yaran da ke koyon aiki a wurinsu. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Me ya sa gaban ya fi haɗari?

Keken kamar murhu yake, a kan duwatsu uku yake zaune. Idan aka ɗaga taya ɗaya ta baya, akwai ta gaba da ɗayar ta baya suna riƙe da ƙasa. Idan kuwa gaban aka ɗaga, duk rabin keken na gaba ya koma kan bakin jak, wanda faɗinsa bai wuce na murfin kwalba ba. Keken ya ɗan gangara gaba ko baya, ko ƙasa ta lotsa a gefe ɗaya, sai jak ya kwanta, gaban ya faɗo a kan hannu ko ƙafa ko kan wanda ya sunkuya. Keke ko babu kaya nauyinsa ya haura kilo 300. Jarka mai lita 20 idan ta cika ruwa nauyinta kilo 20 ne, ke nan jarka 20 sun ƙara kilo 400.

Abin da muke so kowa ya riƙe daga wannan darasi shi ne: aikin jak ɗagawa ne kawai. Riƙe keken a sama aikin katako ne ko ƙafar ƙarfe da aka yi don haka. Jak mai amfani da mai yakan sauka da kansa idan robar cikinsa ta gaji, mai zare kuma yakan karkace. Babu wanda yake yin sallama kafin ya saki.

Kayan da za a tanada

Jak mai ƙarfin tan 1 ko tan 2 ya wadatar, kuma ana rubuta ƙarfinsa a jikinsa. Sai faffaɗan katako mai kauri da za a shimfiɗa a ƙarƙashin jak ɗin. Sai weji 4, biyu ga kowace taya ta baya. Sai gumaguman katako guda 2 masu shafaffen sama da ƙasa, waɗanda keken zai zauna a kansu. Sai sifana daidai bakin notin, da igiya, da kwano ko ƙyalle na ajiye ƙananan ƙarafa don kada su ɓace cikin yashi.

Mun san itace yana da wuya a sansani, shi ya sa hannu ke saurin kaiwa ga bulo ko tubalin laka. Kada a yi. Bulon siminti da tubali suna iya ɗaukar nauyin gini saboda nauyin ya bazu a kansu, amma idan ƙarfe ya danna su a wuri ɗaya sai su dare nan take. Katako idan ya gaji yakan yi ƙara ya lotsa tukuna, mutum ya samu damar janye hannunsa. Tulin duwatsu ma zamewa suke yi. Direbobin da ke tsayawa a tasha ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi jak ɗaya da katakan, a ajiye wurin wanda aka amince da shi, a kuma yi musu alama da fenti don kada a ɗauke su a hura wuta.

Kafin a ɗaga

1. A sauke kaya da fasinja duka. Ko buhu ɗaya kada a bari, domin kayan da ke baya suna iya gangarawa su rinjayi keken.

2. A nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, nesa da hanyar ababen hawa da ta zuwa famfo. Yashi da taɓo da bakin kwata ba wurin jak ba ne. Da damina ƙasa takan bushe a sama alhali cikinta laka ne. A taka da dunduniya a gani. Idan taya ta yi faci a kan gangara, gara a tura keken a hankali zuwa wuri mai kyau.

3. A kashe inji, a zare makulli a sa aljihu, a rufe mai, a jira salansa ta huce. Ba a shan taba a wurin.

4. A sa giya ta ɗaya, a ja birkin hannu, sannan a sa weji gaba da bayan kowace taya ta baya, a doka su da ƙafa su kama. Birkin hannun keken da ya sha aiki ba abin dogaro ba ne shi kaɗai.

5. A sassauta notin tayar gaba tun tana ƙasa, rabin juyi kawai. Noti mai tauri sai an sa ƙarfi, kuma wannan fizgar ce ke tuntsurar da keke daga kan jak. Keken fasinja irin Bajaj yana da notuka da ke riƙe da wili kamar na mota. Keken kaya kuwa sandar ƙarfe ce ta ratsa tsakiyar tayar kamar ta babur, da babban noti a gefe.

Inda ake sa jak

A duƙa a leƙa a nemo babban ƙarfen da ke ɗauke da jikin keken, wanda bakanike ke kira shasi. A nan ake sa bakin jak, daf da bayan tayar gaba, a tsakiya daidai, don kada nauyi ya rinjaya hagu ko dama. Ba a sa shi a ƙarƙashin inji, domin cikin injin yana iya fashewa mai ya zube. Ba a sa shi a salansa, ko a farantin da direba ke ɗora ƙafa, ko a kan waya da bututun birki. Idan ƙarfen ya ci tsatsa ko an taɓa yi masa walda a wurin, a kai wa bakanike ya duba. Ɗan guntun katako ko tsohuwar robar taya tsakanin bakin jak da shasi yana hana ƙarfe zamewa a kan ƙarfe.

Ɗagawa

A yi aikin mutum biyu. Ɗaya yana juya jak, ɗaya yana tsaye a gefe yana riƙe da kan keken yana kallo. A ɗaga a hankali. Idan jak ya fara jingina, a sauke a sake zaunar da shi. Da zarar taya ta bar ƙasa da kamar yatsu biyu zuwa uku, ya isa. Duk ƙarin tsawo ƙarin haɗari ne.

Sai a tura gumaguman katakon ƙarƙashin shasi, ɗaya hagu ɗaya dama, ana riƙe su ta gefe ba ta sama ba. A sassauta jak har nauyi ya sauka a kansu, a bar jak ɗin a wurinsa yana taɓa ƙarfen. Daga nan a kama keken a girgiza shi. Idan ya motsa, a gyara zama. Gara ya faɗi yanzu da taya a jikinsa. A ɗaure kan keken da igiya ya tsaya a miƙe, domin idan taya ta fita kan yakan juya da kansa ya daki mutum.

A keken kaya, a kwance wayar birki da wayar mita kafin a zare sandar, a jera ƙananan ƙarafan yadda suka fito. Idan birkin gaba mai faranti ne, kada a matse shi alhali taya tana waje. Tayar da aka cire, in ba ita ake gyarawa ba, a kwantar da ita ƙarƙashin shasi ta zama kariya ta ƙarshe. Ana aiki daga gefe, a tsugune. Kai da ƙirji da ƙafafu ba sa shiga ƙarƙashin keke.

Saukewa

A mayar da taya, a ɗaura notin da hannu, a ɗan ɗaga jak a cire katakan, a duba babu hannu ko ƙafar kowa, sannan a sauke a hankali. Ɗauri na ƙarshe a ƙasa ake yin sa. Idan notin yana da siririn ƙarfe mai baki biyu da ke kulle shi, a sa sabo, kada a musanya shi da ƙusa. Weji ne ƙarshen cirewa. A gwada birki ana tura keken, sannan a yi ɗan zagaye babu fasinja, a sake taɓa notin.

Yara da masu koyon aiki

Inda ake gyaran keke yara kan taru, wani ya haye baya, wani ya kama hannun jak yana wasa. A kore su nesa kafin a fara, kuma kada a tafi salla ko cin abinci a bar keke a ɗage babu mai tsaro. Ƙaramin yaro ba a sa shi riƙe keke ko shiga ƙarƙashinsa don wai jikinsa ƙarami ne. Maigidan da ya karɓi ɗan wani koyon sana'a, amana ya karɓa.

Idan keke ya danne mutum

A kira mutane a ɗaga keken tare, sannan a janye shi. Ba a jan mutum alhali ƙarfe yana kansa. A danne inda jini ke fita da ƙyalle mai tsabta. Idan yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi ko a naɗe shi, a kira ma'aikatan lafiya. Wanda keke ya danna a ƙirji ko a ciki a kai shi asibitin sansani ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin jini yana iya zuba a ciki ba a gani. Karaya ma a fara kai ta asibiti, su ne za su tura shi Mokolo idan akwai bukata.

Duk wannan shiri bai fi minti 10 ba. Karayar hannu kuwa takan zaunar da mutum makonni 6 ko fiye, keke yana ajiye, gida babu cefane. Mai tambaya a kan darasin ya sanar da shugaban unguwarsa. Allah ya tsare mu, ya sa albarka a sana'a.