Darasi: abin da ke ƙarƙashin fata tsakanin kunne da muƙamuƙin bisa

Makiyayi na gane lafiyar saniyarsa tun daga nesa. In ta kwanta a inuwa tana tuƙa, muƙamuƙi na juyawa sannu-sannu, hankalinsa kwance yake. Ranar da ta bar tuƙa kuwa, ya san akwai magana. Darasin yau ya tsaya kan wurin da wannan aiki ke gudana, wato gefen kai, daga gindin ƙaho zuwa kunne, zuwa kunci da kusurwar muƙamuƙi. Wurin bai fi tafin hannu biyu ba, amma nan ake yawan kai wuƙa ko ƙarfe mai zafi in kumburi ya fito. Ya kamata ku san abin da ke ciki kafin ku taɓa shi.

Maɓuɓɓugar miyau

Ku sa yatsa a gindin kunnen saniya, ku gangaro ta bayan ƙashin muƙamuƙi. Ƙarƙashin fatar nan akwai wani nama mai taushi, ɗaya dama ɗaya hagu, wanda likitocin dabbobi ke ce wa farotid. Mu za mu kira shi maɓuɓɓugar miyau ta gindin kunne. Ita ce ke kumbura wa yaro in ya kamu da hangum. Akwai wasu ire-irenta ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe, amma ta gindin kunne ta fita daban: a wurin bisashe masu tuƙa ba ta hutawa, dare da rana tana zuba.

In aka haɗa su duka, babbar saniya na iya yin miyau lita 100 ko fiye a kwana guda, bido huɗu ke nan na lita 25. Tunkiya takan yi wajen lita 10. Ba ku ganinsa don haɗiye shi suke yi.

Me bisa ke yi da wannan ruwa haka? Jiƙa haki kaɗan ne daga aikinsa. Cimakar da ta shiga tumbi ruɓewa take yi, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ke sarrafa ta, kuma wannan aiki na haifar da tsami. Miyan gindin kunne yana ɗauke da sinadari irin na kanwa, shi ke kashe tsamin, kamar dai yadda uwargida ke jefa kanwa a miyar yakuwa. In miyau ya ragu, tumbi ya yi tsami, halittun nan su mutu, bisa ta bar ci.

Yawan miyau kuwa da yawan tauna yake tafiya. Haki, kara da harawa suna sa bisa ta daɗe tana tuƙa, awa 6 zuwa 8 a kwana. Dussa da garin hatsi ba su buƙatar tauna. Shi ya sa ragon layya da aka ɗura wa dussa ko hatsi farat ɗaya ke wayuwa da kumburin ciki da zawo, wani lokaci a yanka shi kafin Sallah. Masu turka su riƙa ba da harawa ko haki tukuna, dussa ta biyo baya, a kuma ƙara ta kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. Haka nan miyan na cin gishiri ƙwarai. Jiki na maido da mafi yawansa daga hanji, amma in gishiri ya yi ƙaranci cikin cimaka, bisa ta shiga lasar ƙasa da bango. Makiyayan da ke kai garke Ingal ƙarshen damana sun daɗe da sanin wannan buƙata.

Miyan ba nan gindin kunne yake shiga baki ba. Wata ƴar siririyar hanya ce ke ɗauke da shi. A wurin saniya tana bi ta cikin kusurwar muƙamuƙi, ta zagayo ta ƙasan ƙashin, ta hau ta gaban tsokar kunci, sannan ta huda cikin baki daura da matauna na sama. Daidai inda take zagayo ƙashin tana tafe tare da jijiyoyin jini biyu, kuma in kun ɗora yatsa a hankali za ku ji bugun zuciya a nan. A wurin tumaki takan ratsa ta kan tsokar kuncin ne, kusa da fata. In wuƙa ta yanke wannan hanya, miyau sai ya riƙa tsiyaya ta waje, musamman lokacin tauna. Irin wannan rauni na da wuyar rufewa da kansa, kuma bisar kullum asarar ruwa da gishiri take yi.

Tsokokin tauna

Saniya ba ta da haƙoran gaba na sama, dasashi ne mai tauri kawai. Tana da 8 a gaba ta ƙasa, da matauna 24 a ciki, 32 ke nan. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama ƙunci, don haka matauna ba su haɗuwa gefe biyu lokaci guda: gefe ɗaya take niƙa, can ta juya ɗayan. Babbar tsokar kunci, wadda mahauta suka sani sarai, ita da wasu da ke ta cikin ƙashin, su ke jan muƙamuƙi gefe zuwa gefe kamar dutsen niƙa. Tsokar gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙarama ce ga saniya. Ga kare da kura ita ce babba, don su datsewa suke yi.

Ga wani abu da ke da amfani a gwada. Ku tsaya kusa da bisa mai tuƙa, ku ƙirga sau nawa take tauna loma ɗaya kafin ta haɗiye. Mai lafiya takan yi 40 zuwa 60. In kullum gefe ɗaya take tauna, ko loma na faɗowa ƙasa, ko kunci ɗaya ya cika da cimaka, a duba baki: haƙori ne ya karye, ko ƙaya da ƙarangiya sun soki dasashi.

Jijiyar da ke motsa kunne, fatar ido da leɓe ita ma ta ƙarƙashin maɓuɓɓugar miyau ta fito, rassanta suka shimfiɗu kan tsokar kunci. Duka da sanda a wurin, ko igiya da ta matse, ko kayar da sa kansa ya bugi ƙasa mai tauri, na iya kashe ta. Sai ku ga kunne ɗaya ya faɗi, ido ba ya rufuwa, leɓe ya saki.

Kumburi ba iri ɗaya ba ne

A gindin kunne, rabinta ɓoye ƙarƙashin maɓuɓɓugar miyau, akwai kaluluwa. Mafi yawan ƙurjin da kuke gani nan ga tumaki da awaki nata ne. Yakan girma sannu, ba zafi sosai, gashin wurin ya zube, ya fashe da mugunya mai kauri. Wannan mugunya ita ce irin cutar. In ta zuba kan turke, kwami ko shinge, ƙwayar na iya yin watanni da rai, ta shiga wata bisa ta ɗan ƙaramin rauni. Makiyayin da ya tsaga ƙurjin a tsakiyar garke ya shuka ciwon da hannunsa. A ware bisar, a kira ma'aikacin gidan kiwo. Shi ya san inda zai tsaga ba tare da ya taɓa hanyar miyau ko jijiya ba. Mugunyar da tsumman da aka goge ta a ƙone su, a wanke hannu da sabulu, don mutum ma na iya kamuwa. A kasuwa kuma, kafin ku biya kuɗin akuya, ku shafa gindin kunnuwanta biyu.

Kumburi mai tauri kamar dutse, manne da ƙashin muƙamuƙi, wanda ba ya motsi in an tura shi, ciwon ƙashi ne. Wuƙa ba ta da abin da za ta fitar a ciki, kuma magani sai an fara da wuri yake tasiri. Mai taushi kamar ruwa a ƙarƙashin haɓa, wanda yatsa ke barin gurbi a kansa, yawanci alamar ƙarancin jini ne, daga tsutsar ciki ko ta hanta, ko yunwa. Ku buɗe fatar ido ku duba: in ta yi fari, maganin tsutsa da cimaka ake nema. Ƙona wurin da wuta azaba ce kawai.

Miyau da ke dalala kuwa ba yana nufin ya yi yawa ba. Sau da yawa haɗiyewa ce ta gagara. Yana iya zama ciwon baki da kofato, ko ƙwallon mangwaro ya tsaya a maƙogwaro, wanda ke zuwa da kumburin ciki cikin gaggawa. Yana kuma iya zama haukan kare, kuma alamunsa ga saniya kan yi kama da shaƙewa ƙwarai. Kada kowa ya zura hannu tsirara cikin bakin irin wannan bisa, balle in ta sake kuka ko hali, ko an ga kare ya cije ta. Wanda miyan ya taɓa masa rauni ya wanke da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita a ranar.

Gindin ƙaho

Daga bayan ido zuwa gindin ƙaho akwai wani tudun ƙashi da yatsa ke ji. Jijiyar jini da jijiyar jin zafi na ƙaho ƙarƙashinsa suke bi, kuma nan likita ke yin allurar kashe zafi kafin ya yanke ƙaho. Ga babbar saniya, cikin ƙahon rami ne da ke haɗe da kogon goshi, har zuwa hanci. Masu jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho su suka fi gamuwa da wannan: in ƙaho ya karye daga gindi, jini na tsartuwa, kuma ƙofa ta buɗe zuwa cikin kai. A danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaure, a hana ƙuda sauka. Kada a cusa ƙasa, kashin shanu ko baƙin man mota. In bayan kwana biyu ko uku kun ga mugunya ta hanci ɗaya, ko saniyar na karkata kai, ciwon ya shiga kogon, sai likita ya wanke shi.