Gudun Hijira da Tsarin Birni: Darasi daga Maiduguri

Idan aka ambaci 'yan gudun hijira, sansani da tantuna ke fara zuwa zuciyar mutane. Amma a Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, akasarin waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da muhallansu, musamman daga 2014 da garuruwa irin su Bama da Gwoza suka faɗa hannun mayaƙan, ba a sansani suka zauna ba. Wasu sun sauka gidajen 'yan'uwa, wasu suka kama hayar ɗaki, wasu kuma suka kafa bukkoki a filayen da ba a gina ba. Wannan zama na cikin gari shi ne ya fi taɓa tattalin arzikin birnin.

Dalili kuwa shi ne, jama'a na iya ninkuwa cikin 'yan watanni, amma gidaje da bututun ruwa da magudanai ba sa ninkuwa haka. Saboda haka kuɗin haya ya tashi, 'yan garuwa suka samu kasuwa, manoma da masunta da suka rasa gona da tafki suka koma dako da ƙwadago a kan lada kaɗan. Mai gidan haya ya ci riba. Magidanci mai albashi ya ji a jikinsa.

Matsalar da ta fi wuyar gyara ita ce ta fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, amma a gefen gari akan yanka fili a sayar ba tare da takardar mallaka ba, ba a bar hanyar mota ko ta ruwa ba. Da zarar an yi gini, shimfiɗa titi sai da rusau da biyan diyya, abin da ke cin kuɗi fiye da a ce an tsara unguwar tun farko.

A 2021 gwamnatin jihar ta fara rufe sansanonin cikin birnin, har da na Bakassi, don mayar da mutane garuruwansu. Sai dai rufe sansani ba ya nufin kowa ya koma. Wanda ya shekara bakwai yana sana'a, 'ya'yansa na makaranta, ya riga ya zama ɗan gari, kuma wajibi ne masu tsara birni su lissafa da shi.

A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da Kasuwar Monday, har aka sake buɗe sansanin Bakassi don waɗanda ambaliyar ta kora. Ɗan kasuwar da zai sayi fili ko ya gina ɗakin ajiyar kaya a gefen Maiduguri, ya kamata ya fara tambayar takardar filin, sannan ya binciki inda ruwan kogin Ngadda ya tsaya a waccan shekarar.