DARASI: MU RUBUTA ASALIN GIDANMU TUN TSOFAFFI NA DA RAI

 Kun iya rubuta sunanku. Kun iya karanta wasiƙa, kun iya lissafin awon gujiya da wake. Yau ga wani aiki da karatunku zai yi muku: rubuta asalin gidanku.

Mu fara da tambaya. Mi ne ne sunan babanka? Kowa ya sani. Sunan kakanka fa? Shi ma da yawa sun sani. To, sunan uban kakanka? Daga wane gari ya fito? Nan mutane ke yin shiru. Amma cikin gida akwai wanda ya sani: tsoho ko tsohuwa. Ranar da ya rasu, abin da ke cikin kansa ya tafi da shi, sai wanda anka rubuta.

DON MI ZA MU RUBUTA?

Na ɗaya, don gona. Rigimar gona da yawa daga mantuwa take fitowa. Wanga ya ce gado ce, wancan ya ce aro ce kakansa ya bayar. Wanda ya san wa ya sare dajin, da wa anka ba aro, da wa ya karɓi jingina, shi ke kashe rigima. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da haƙƙin gona na gado, kuma kwamitin filaye na gari yana iya ba mutum takardar shaida. Kayenka ba takardar hukuma ba ce, amma zai taimake ka ka yi bayani daidai gaban mai gari da shaidu.

Na biyu, don aure. Musulunci ya hana aure tsakanin waɗanda sunka sha nonon mace ɗaya. Dā in uwa ta rasu ko ta yi ciwo, wata mace ke shayar da jinjiri. Wa ya san wa ya sha nonon wa? Tsofaffin mata ne.

Na uku, don zumunta. Yunwa da fatauci da cin rani sun watsa dangi. Wasu na Katsina, wasu na Kano, wasu na Agadas ko Yamai. In ba a san su ba, ba a zuwa wurinsu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

WA ZA A TAMBAYA?

Ku fara da wanda ya fi kowa tsufa, ko wanda ba ya da lafiya sosai. Kada ku ce sai bayan kaka. Kada ku tsaya ga maza kaɗai. Maza sun fi riƙe labarin gona, da yaƙi, da sarauta. Mata sun fi riƙe labarin aure, da haihuwa, da goyo, da yaran da sunka rasu suna ƙanana. Ku tambayi gwaggo don dangin uba. Ku tambayi kawu da inna don dangin uwa. Wanzamin gida da maroƙi su ma sun san sunaye da yawa.

ƘAƘA ZA A YI TAMBAYA?

Tsoho ba ya son gaggawa. Ku je da goro. Ku gaisa sosai. Ku zaɓi lokacin da ya huta, kamar bayan la'asar ko bayan tuwon dare. Ku gaya mishi abin da kuke so da dalilinsa. In kuna da wayar salula mai ɗaukar magana, ku nemi izininsa kafin ku ɗauka.

Kada ku katse shi. In ya ratse zuwa wani labari, ku bar shi, sau da yawa can ne abin da kuke nema yake. Rana ɗaya ba ta isa. Ku koma sau uku ko huɗu, don abin da ya manta yau zai tuna gobe.

Ku tuna da alkunya. Tsohuwa ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kada ku matsa mata. Ku ce: «Inna, mai sunan wa ne cikin garin nan?» Za ta nuna muku takwaransa, ko wani da ke zaune ya faɗi sunan.

Ga tambayoyin da za ku yi a kan kowane mutum:

1. Mi ne ne sunansa na yanka, mi ne ne laƙabinsa?
2. Wa ya haife shi, uba da uwa?
3. Ina anka haife shi, ina ya zauna, ina anka rufe shi?
4. Mi ce ce sana'arsa ta gado: ƙira, farauta, wanzanci, jima, saƙa, fawa ko malanta?
5. Mata nawa ya aura, daga wane gari, ɗiya nawa kowace ta haifa?
6. Wace aska ce ga fuskarsa?
7. Wace gona ya noma, ƙaƙa ta zo hannunsa?

Laƙabi ma yana ba da labari. Tanko namiji ne da ya zo bayan mata. Kande mace ce da ta zo bayan maza. Gambo ya bi tagwaye. Audi bai tarar da ubansa da rai ba. Azumi cikin watan azumi anka haife ta. In kun ji irin waɗanga sunaye, ku tambayi ƴan'uwan da sunka riga shi, ko da sun rasu.

TSOHO BAI SAN SHEKARA BA, YA SAN ABIN DA YA FARU

In kun ce ma tsoho: «Baba, wace shekara anka haife ka?» zai yi dariya. Ku ce mishi: «Lokacin yunwa kaza, ina kake? Ka fara noma? Ka yi aure?» Sai ku duba waɗanga shekaru, ku yi lissafi.

1807: masu jihadi sun ci Birnin Katsina, sarakunan Katsina sun yiwo arewa.
Wajen 1819: Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi.
1836: yaƙin Gawakuke. Bayansa Gobirawa sunka kafa Tsibiri.
1899: sojan Nasara sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, sun shiga Damagaram.
1913 zuwa 1914: yunwar Kakalaba.
1916 zuwa 1917: yaƙin Kawusan a Agadas.
1926: an ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai.
1931: fara ta ci hatsi, an yi yunwa.
1945: ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, mutane sun hau tudu.
1946: an hana aikin dole.
1960: ƙasarmu ta samu mulkin kai.
1973 zuwa 1974: babban fari. Cikin 1974 Seyni Kunce ya karɓi mulki.
1984 zuwa 1985: yunwar da ake kira El Buhari.

Kowane yanki da sunan da yake ba yunwa. Kowane gari kuma da nasa abubuwa: shekarar da anka gina rijiya, da shekarar gobara, da shekarar da anka naɗa mai gari. Ku ƙara su cikin jerin.

MISALI DAGA GIDANMU

Ni mai rubuta wanga darasi, gwaggona na tambaya, yayar babana, Allah ya jiƙanta. Na ce: «Gwaggo, da ruwa ya ci tsohon gari, kin yi wayo?» Ta ce: «Ɗan nan, ina tallar fura a lokacin, ban isa aure ba. Ni na ɗauko turmi a kai munka hau tudu.» Yarinya mai talla wadda ba ta isa aure ba tana da kamar shekara 10. Sai na yi lissafi: 1945 a ɗebe 10, saura 1935. Na rubuta: an haife ta wajen 1935.

Ta ce babanta, wato kakana, yana kiwon awaki lokacin Kakalaba. Shi ma na ba shi shekara 10. 1914 a ɗebe 10, saura 1904.

Daga nan ta faɗi sunan uban kakana, da sunan kakan kakana. Ta ce wanga na ƙarshe shi ne ya zo daga ƙasar Katsina tare da mutanen Ɗan Kasawa. Na rubuta yadda ta faɗi. Da na koma gida sai na auna. Tsakanin uba da ɗa akan samu kamar shekara 30. In an haifi kakana wajen 1904, to ubansa wajen 1870 ke nan, kakansa kuma wajen 1840. Wanda anka haifa 1840 ba ya iya yin tafiyar 1819. Sai na gane akwai sunayen da sunka faɗi a hanya.

Ban ce ma gwaggo ta yi kuskure ba. Na je wurin wani tsohon maroƙi wanda gidansu ke yi ma gidanmu kirari tun dā. Na ba shi goro, ya jero sunaye. Ashe mutum biyu ne masu suna ɗaya, kaka da jikansa. Na farko shi ya zo daga Katsina. Na biyu anka sa mishi sunansa. Baki ya haɗe su, wanda ke tsakaninsu kuma ya ɓace. Da na karanta ma gwaggo sunan da ya ɓace, ta yi shiru, ta ce: «Gaskiya ne, na taɓa jin sa a bakin kakata.»

Wancan shi ne dangin uba. Dangin uwa kuwa na yi sakaci. Na ce zan je wurin kawuna bayan an gama girbi. Kafin a ɗaure dammuna ya rasu. Har yau shafin dangin uwata suna biyu ne kaɗai a kansa. Ɗiyana suna tambayata, ba ni da amsa.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Kada ku dogara ga baki ɗaya. Ku tambayi mutum biyu ko uku, kowa shi kaɗai. In maganarsu ta zo ɗaya, madalla. In ta bambanta, ku rubuta duka biyu, da sunan wanda ya faɗi kowace.

Ku raba abin da tsoho ya gani da idonsa da abin da ya ji. Inda ba ku tabbata ba, ku sa kalmar «wajen» ko alamar tambaya. Kada ku cika gurbi da ƙarya don gidanku ya yi girma. Kowa na son a ce jinin sarauta ne shi, amma manomi da maƙeri su ma da asalinsu.

Akwai abin da tsoho zai gaya muku cikin sirri, kamar labarin bauta ko tsohuwar gaba. Ku tambaye shi ko ya yarda a rubuta. Kayen asali ba na gori ba ne. Kada a ɗauke shi a ci mutuncin maƙwabci, ko a tada rigimar da ta kwanta.

YADDA ZA A TSARA KAYE

Ku sami kaye sabo da bik. Shafi na farko: sunanka, da garinka, da ranar da ka fara. Shafi na biyu: dangin uba. Ka sa sunanka a ƙasa, babanka a bisansa, kakanka a bisa, haka har inda sani ya tsaya. Shafi na uku: dangin uwa, shi ma haka. Daga nan kowane mutum a ba shi shafinsa, da amsoshin tambayoyin nan bakwai. A ƙasan shafi a rubuta wanda ya ba da labarin.

In kun gama, ku karanta ma tsohon ya gyara. Ku kwafe kaye na biyu, ku ba wani ɗan'uwa ya ajiye. Ku sa naku cikin leda, cikin akwati, don gara da ruwa.

TAMBAYOYI

1. Faɗi amfani uku na rubuta asali.
2. Don mi ake tambayar mata, ba maza kaɗai ba?
3. Wata ta ce tana da shekara 15 lokacin da Kunce ya karɓi mulki. Wajen wace shekara anka haife ta?
4. Wani ya ce an haife shi shekara 2 bayan mulkin kai. Shekarunsa nawa lokacin El Buhari?

AIKIN MAKO

Kowane ɗan makaranta ya je wurin tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Ya rubuto sunaye huɗu na dangin uba, da huɗu na dangin uwa. Malami ya sa a karanta su cikin aji. Ku haɗa kai ku rubuta jerin shekarun garinku, ku aiko ma jaridarku mu buga. Allah ya ja kwanan tsofaffinmu, amin.